Tukwane Masu Jan Ƙyalle

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na buɗe ƙofar ɗakin shuka, na tarar an riga ni kunna fitila. Wani mutum ne durƙushe gaban sikeli cikin kwat ɗin da ta fi ƙarfinsa, yana auna tukwanen wake ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora, ya duba lamba, ya rubuta a littafi, ya sauke. Bai ji shigowata ba, domin hankalinsa na kan wata tukunya da ganyenta ya ɗan lanƙwashe.

"Ke kuma fa? Jiya lafiya lau muka rabu," ya ce mata.

Da Hausa ya yi maganar. Na yi shekara goma sha tara ina share wannan ɗakin gilashin na jami'a, ina wanke tukwane, ina duba bututun ɗumi, kuma ban taɓa jin Hausa a cikinsa ba sai wadda nake yi a raina. Na jingine tsintsiya na ce, "In ta amsa maka ka gaya mini, in nemi wani aikin."

Ya zabura har biro ya faɗi. Ya dube ni, ya dubi tsintsiyar, sannan ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Gaisuwar da ya yi mini ta kai minti biyar. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya koma ya sake tambayar gida. Daga baya ya gaya mini cewa wata goma sha huɗu ke nan bai gaisa da kowa ba yadda ake gaisuwa. Tun ranar yake ce mini Kawu. Ni kuma na sa masa Sarkin Noma, don tsokana, sunan ya zauna.

Na ga ɗalibai da yawa a wurin nan. Galibinsu baki gare su. Za su tsaya su yi maka bayanin yadda za su ciyar da duniya, su tafi su bar tiyo a buɗe ruwa na malala har ƙofa. Saboda haka na daina sauraron abin da suke cewa, ina duba yadda mutum ya bar wurin aikinsa. Shi wannan yakan naɗe tiyo ya rataye. Yakan share ƙasar da ya zubar. In ya taɓa ganye, da bayan yatsa yake taɓawa. Hannunsa ma ba na alli kaɗai ba ne, ko da yake ya ce ya yi shekara bakwai yana koyar da aikin gona a makarantar sakandare kafin a ba shi gurbin ƙaro karatu. Shekarunsa talatin da huɗu. Ya baro mata da 'ya'ya biyu da tsoho, kuma a gonar tsohon ya tashi.

Aikin da zai ba shi takardar shaida ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Tukwane ɗari da ashirin, irin wake kala shida. An ɗaura wa rabinsu shuɗin ƙyalle, rabi ja. Duk za su sha ruwa daidai har su fara fure. Daga nan masu shuɗi su ci gaba da sha, masu ja a yanke musu ruwa kwana ashirin da ɗaya, ko ɗigo. Kullum da asuba a auna kowace tukunya a rubuta. A ƙarshe a ga wane iri ne ya fi jure ƙishi, don a ba manoman wuraren da ruwan sama ke yankewa. Farfesar da ke duba aikinsa, wata mata doguwa mai furfura wadda ba ta ɓata kalma, ita ta tsara haka.

Sau ɗaya na shiga ɗakinsa, ranar da na kai masa tsohuwar hita ta ɗumama ɗaki da na daina amfani da ita. Hawa na huɗu ne, a ƙarshen wani dogon lungu mai ƙofofi iri ɗaya. Gado, tebur, kujera ɗaya, sai taga da ke kallon bangon wani gini. Akwatinsa na ƙasan gado a ɗaure, kamar wanda zai tashi gobe. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali biyu. Na tambaye shi na biyun na wane ne.

"Na baƙo ne, Kawu."

"Baƙi nawa ka yi?"

"Kai ne na farko."

Ya dafa mini shayi a kofin, shi ya sha a murfin fulas. Ya ce kicin ɗin na mutum takwas ne, amma kowa kan jira ya ji babu motsi kafin ya fito. Ya ce farkon zuwansa in ya shiga bas yakan gaida wanda ke kusa da shi, sai wata rana wata tsohuwa ta tashi ta canza kujera, daga nan ya bari. A aji kuma kafin ya gama haɗa jimla a ransa an wuce zancen. Bai faɗi waɗannan da kuka ba. Yana faɗa yana dariya, yana juya murfin fulas a hannu.

Ranar Lahadi da hantsi yake kiran gida, kuma a ɗakin shuka yake kiran, don ya fi ɗakinsa ɗumi, ga shi ba mai buga masa bango. Yana buɗe muryar wayar, saboda haka na san mutanen gidan ba tare da na nema ba. Matarsa kan ba da labarin yara, ƙanwarsa ta ba da labarin tsoho, sannan a miƙa wa tsohon waya. Ido ɗaya na tsohon ya riga ya tafi, ɗayan kuma yana bin sa a hankali. Likita ya ce ba a dawo da shi, sai dai a rage masa gudu. Tsohon bai san ainihin abin da ɗansa ke karantawa ba. An dai ce masa wake yake shukawa a cikin ɗaki, abin ya ba shi dariya, amma ya karɓa. Tambayarsa ɗaya ce kowane mako.

"Shukar ta sha ruwa?"

"Ta sha, Baba."

"To. Kada ka bar ta da ƙishi. Ba ta da bakin da za ta roƙe ka. Yaushe za ka zo?"

"Wata biyar, Baba, in Allah ya so."

"Ka yi sauri in gan ka. Yanzu ma ƙanwarka inuwa nake ganinta."

Da wake ya fara fure aka yanke wa masu ja ruwa. Kwana huɗu na farko ba abin da ya nuna. A na shida ganye ya fara faɗuwa da rana yana tashi da dare. A na tara ya daina tashi. Sarkin Noma ya rage magana da su. Yakan bi layin masu shuɗi da buta yana zubawa, in ya iso layin masu ja sai ya ɗauke kai kamar mai wucewa gaban wanda ya yi wa laifi. Lahadin nan tsoho ya yi tambayarsa, ya amsa "Ta sha, Baba," idonsa na kan layin da bai sha ba.

Aikina shara ne, mai shara kuma ƙasa yake kallo. Ranar kwana na goma sha ɗaya na ga da'irar laima a ƙarƙashin tukwane masu ja. Na ɗauka rufi ne ke ɗiga, na hau tsani na duba gilashi, babu tsaga. Washegari na sake gani. Rana ta uku na zo da wuri na tsaya bayan buhunan ƙasa.

Ya gama awo, ya rufe littafi. Ya ciro gorar ruwan shansa daga aljihun kwat, ya waiga, sannan ya bi layin masu ja yana tsiyaya wa kowace kamar cikin murfi biyu. Da gorar ta ƙare ya je famfo ya sake cikawa.

"Sannu da aiki, Sarkin Noma."

Gorar ta kusa suɓuce masa. Ya tsaya riƙe da ita kamar yaron da aka kama da hannu a tukunyar miya.

"Kaɗan ne, Kawu. Jiƙa musu maƙoshi kawai nake yi."

"Wake na da maƙoshi?"

"Ka dube su mana. Ni ban taɓa tsayawa da ruwa a hannu shuka na mutuwa a gabana ba. A gida ko ruwan wanke hannu ne, gindin wani abu muke zubawa. Da suka yi yaushi kwana uku na yi ina daurewa, na kasa."

"Ka rubuta a littafin?"

Ya mayar da gorar aljihun kwat. Na ɗauki tsintsiyata na ci gaba da aiki. Ba ni na kawo shi karatu ba, kuma ba a ɗauke ni aiki don in kai ƙara ba.

Kwana ashirin da ɗaya suka cika. Masu ja sun yi yaushi amma sun rayu, har da iri biyu da suka riƙe furensu suka fara 'ya'ya. Farfesa ta zo ta zaga layin sau biyu da hannu a baya. Ban taɓa ganin ta yi murmushi a ɗakin nan ba sai ranar. Ta ce sakamakon ya wuce abin da ta zata, ta ce za su rubuta shi tare a buga, ta ce in ya yi sauri zai iya gamawa kafin lokacin da aka ɗiba. Ta dafa kafaɗarsa ta fita. Shi kuwa ya tsaya yana kallon takalminsa.

Lahadin da ta biyo, ƙanwarsa ta ce masa tsoho ya daina gane fuska sai an matso dab da shi, kuma an kai shi bakin taga inda haske yake. Bayan ya kashe wayar ya zo inda nake wanke tukwane ya tsuguna.

"Kawu, ka ji dai."

"Na ji."

"In na yi shiru, wata uku ina gida. In na faɗa, sai an sake shuka daga farko, sai na sabunta takardar zama, kuma muddin tana hannun hukuma ba ni da ikon fita ƙasar. Wata bakwai ke nan, ko takwas. Murfi biyu ne fa. Wa zai sani?"

"Ni na sani. Kai ka sani."

"Za ka faɗa?"

"A'a. Tukwane nake wankewa."

"To me kake gani?"

Na rufe famfo. Na ce masa, "Wani tsoho irin babanka zai ji an ce masana sun gwada wannan iri, ba ya jin ƙishi. Zai cika gonarsa da shi. Ranar da ruwa ya yanke, za ka bi shi da gora?"

Ya tashi ya fita. Mako guda bai gaishe ni ba. Yakan zo ya yi awo ya tafi, ni ma ban neme shi ba. Na san abin da na gaya masa ya fi sauƙi a bakina, tun da ba idon ubana ke rufewa ba. Nawa uban ya rasu ina nan ina wanke tukwane, a waya aka gaya mini, na gama aikin ranar kafin na koma gida. Ban ba shi wannan labarin ba, ba zai amfane shi da komai ba.

Ranar Litinin ta biyu, wajen ƙarfe tara, ya shigo da Farfesa a bayansa. Ya sa farar riga a goge. Ya tsaya gaban layin masu ja, ya ciro gorar, ya nuna mata yadda yake tsiyayawa, ya faɗi ranar da ya fara da ranar da ya daina. Harshen ƙasar bai zauna a bakinsa ba, amma ya faɗi komai, har inda ya yi tuntuɓe ya koma ya gyara. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ta tambaye shi dalili. Ya ce ƙishi suke ji. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ta yi shekara talatin a wannan aiki, ta ga masu ƙirƙirar lamba, ta ga masu manta awo, amma ba ta taɓa samun wanda ya ɓata gwaji don tausayi ba. Ta ce a zubar da duka, a sake shuka. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dafa kafaɗarsa ba wannan karon.

Mu biyu muka juye tukwane ɗari da ashirin a kwandon shara. Har da masu shuɗi, da suka yi kore shar suna ɗauke da 'ya'ya. Yana juyewa yana karkaɗe gindin tukunya, da muka kusa gamawa sai ya dubi hannunsa.

"Kawu, hannun nan nawa ban yarda da shi ba. Zai sake."

Na shiga sito na ɗauko wata tsohuwar tukunya mai tsaga a baki, na cika ta da ƙasa, na tsinci ƙwayar wake uku daga waɗanda suka zube a ƙasa na tura ciki. Na ajiye ta kan taga kusa da wurin da nake rataye tsintsiya, nesa da layin gwaji.

"Wannan ba ta da ƙyalle, ba ta da lamba. Taka ce. In hannun ya motsa ka zo nan."

"Ai sai ta nutse."

"Ta nutse. Ba mai buga ta a takarda."

Haka aka yi zagaye na biyu. Sanyi ya shigo sosai, gari ba ya wayewa sai wajen takwas, bas ɗin farko kan zo babu kowa ciki sai shi da direba. Da aka sake yanke wa masu ja ruwa, sai ya fito da wata dabara da ban sa shi ba. Yana shigowa zai miƙo mini gorarsa, in sa a aljihuna, ba zan mayar masa ba sai zai fita. Masu shuɗi kuma da kofin awo yake ba su, ya kai kofin sito ya kulle kafin ya fara auna masu ja. In ya gama sai ya je taga ya shayar da tasa. Wani lokaci yakan daɗe a wurin, bayansa a juye.

A kwana na goma sha shida rabin masu ja sun bushe ƙayau, in ka taɓa ganye sai ya murƙushe. Lahadin ce ƙanwarsa ta gaya masa cewa tsoho ya tashi ranar Alhamis yana tambaya ko gari bai waye ba, alhali rana ta take. Ta ce bai yi kuka ba, ya dai ce a matso masa da sandarsa. Aka miƙa wa tsohon waya.

"Shukar ta sha ruwa?"

Sarkin Noma ya dubi tukwane masu ja.

"Ba ta sha ba, Baba. Yau kwana goma sha shida. Da gangan nake hana ta. Aikin da na zo yi ke nan, in ga wadda za ta rayu ba ruwa. Da farko na kasa, na riƙa ba su a ɓoye, aikin ya lalace. Shi ya sa ban zo ba."

Na daina shara. Daga can ana jin kukan akuya da muryar yara.

"Sai yanzu kake gaya mini?" in ji tsohon. "Kai da ka je ƙasar masu ilimi. Shekarar da ruwa ya yanke kana goye, waken da muka ci daga baya ina kake tsammani na samo irinsa? Gindi bakwai ne suka tsaya a duk gonar. Na hana uwarka taɓa su, muna jin yunwa. Su na ajiye." Ya yi tari. "Nawa suka tsaya a naka?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Saura kwana biyar."

"To ka bar su. Kada ka taɓa. In ka zo ka sa mini irin a hannu, ai yatsuna na gani."

Bayan wayar ya zauna kan buhun ƙasa ya rufe fuska da hula. Na bar shi. Na je na duba bututun ɗumi, wanda ba abin da ya same shi.

Goma sha ɗaya suka tsaya cikin sittin, tara daga cikinsu iri ɗaya ne, kuma ba ya cikin biyun da suka burge Farfesa a karon farko. Ta ce sakamakon ƙarami ne amma ana iya tsayawa a kansa. Ya yi wata biyu yana rubutu, ban cika ganinsa ba sai da asuba in ya leƙo ya shayar da tukunyar taga. Ranar da ya kare aikinsa gaban malamai ba a gayyace ni ba, ba wurina ba ne. Da yamma ya zo cikin farar rigar nan ya ce an ba shi takardar shaida. Na ce madalla. Ya taya ni naɗe tiyo. Irin gwajin na jami'a ne, ba a fita da shi sai da takardu, amma Farfesa ta cike takardun da kanta ta ba shi ƙwaya ashirin a ambulan mai hatimi.

Ranar tafiyarsa na buɗe ƙofa ƙarfe biyar da rabi na tarar an riga ni kunna fitila. Akwatin nan na bakin ƙofa, hitata na kansa da wayarta a naɗe. Waken taga ya riga ya haura ya kama ƙarfen gilashi, ya tsufa, ganyen ƙasa sun yi rawaya.

"Kawu, na bar maka ita."

"Ni mai shara ne, ba Sarkin Noma ba."

"Murfi biyu kawai, da safe."

"Bas zai wuce ka."

Ya ajiye mini cokali ɗaya kan hitar, ya ce wai nawa ne tun ranar da na zo. Sannan ya cika gorarsa a famfo, ya tsiyaya wa tukunyar a hankali har ƙasar ta yi duhu, ya taɓa ganye ɗaya da bayan yatsa. Ya ajiye gorar kusa da ita, ya ɗauki akwati, ya ja ƙofar a hankali don kada sanyi ya shigo.